Wasiƙar da jarumata ta buɗe

Ku da kuka halarci zaman Asabar ɗin nan, na san kun riga kun kai labarin ko'ina, don jiya matar maƙwabcina ta gaishe ni da "ina kwana, ya jikin Kawu?" To bari in ba da nawa da bakina, tunda kowa sai ƙara gishirinsa yake yi.

Majalisarmu ta marubuta kun san ta: bayan La'asar, gindin dogon yaron nan na harabar firamaren da ke wajen Gawon Nama, benci biyu da tabarma, mu tara in an cika. Littafina ma kun san shi, wanda na shekara huɗu ina rubutawa da biro. Sunansa ba zan faɗa a nan ba, ɓarayin fasaha sun yi yawa. Ranar Alhamis na kai babi uku na farko wurin yaron nan mai buga takardu, ranar Asabar na biya na karɓa a tsaitsaye don mai kabu-kabu yana ta danna min oda, ban duba ko shafi ɗaya ba. Na sa farar shaddata ta Babbar Sallah, biro biyu a aljihun gaba. Shi ke nan shirin.

Shugaba ya buɗe taro da abin da yake buɗewa da shi kullum: mu Sakkwatawa jikokin marubuta ne, Shehu da ƙanensa Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello, ga Nana Asma'u da ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, wanda ke musu ya je cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu ya ga takardu da idonsa. Duk gaskiya ne. Sai dai mun haddace, har Sakatare yakan motsa leɓe yana binsa. Daga nan Dakta ya karɓe da zancen lanƙwasa: wai duk wanda bai bambance baki da baƙi a takarda ba, ko ya haɗe "da shi" ya raba "yana", bai kamata a bar shi ya kusanci alƙalami ba, kuma irin wannan ilimi sai an zauna a aji. Hajiya, wadda a waya take rubutu tana sakewa a WhatsApp kowane mai karatu naira 500, ta ce ita dai da rubutun da babu lanƙwasa ta sayi firiza. Ta ƙara da cewa bana za ta gwada Hikayata, gasar nan ta BBC Hausa da aka fara a 2016. Sakatare ya yi ƙorafinsa na kullum, cewa ta mata ce zalla, mu an bar mu da gemu.

Da na yi shiru a nan, da yanzu ina da sauran mutunci. Amma shadda tana sa mutum magana. Na gyara zama na ce ai ba digiri ke rubutu ba, baiwa ce. Na ce lokacin da Baturen nan Rupert East ya sa gasar nan ta ƙagaggun labarai a Zariya a 1933, Abubakar Imam shekararsa 22, wane digiri gare shi? Na ce ni nawa ba na waya ba ne (na ɗan kalli Hajiya), littafi ne da za a riƙe a hannu, kwafi 1,000 za a buga min a Kano, da lambar rajistar littafi ta ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa. Sakatare ya ce takarda fa ta yi tsada yanzu. Na ce, kuma wallahi har yau ina jin sautin muryata, na ce: "Kuɗi ba matsala ba ne." Har na daki aljihu. Aljihun da naira 350 ce a cikinsa.

Ku tuna da dokar majalisa. Marubuci ba ya karanta aikinsa da kansa, Malam ke karantawa, shi da ya yi shekaru yana karanta sanarwa a gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Kuma daga lokacin da aka fara har a gama sharhi, mai aiki ba ya cewa uffan. In ya yi magana tarar naira 500, Sakatare na karɓa nan take, ba bashi. Wa ya kawo wannan doka bara don a toshe bakin Dakta? Ni. Ramin ban gina shi gajere ba.

Na miƙa wa Malam takardu na ce ya tsallake zuwa babi na uku, can wuta take. Ya sa gilashi, ya yi gyaran murya. Komai ya tafi daidai. Jarumata tana zaune a ɗaki, an hana ta fita, an sa ranar aurenta da wanda ba ta so, sai ga ƙanwarta ta shigo da wasiƙa daga saurayin a ɓoye cikin kwanon fura. Na lumshe ido ina jin daɗin kaina. Malam ya karanta: "Ta buɗe wasiƙar hannunta na rawa, hawaye na zuba, ta fara karantawa."

A nan na san babin ya ƙare, domin wata takwas ke nan na kasa sanin me saurayin zai ce mata. Na buɗe ido ina jiran tafi. Sai na ga Malam ya lashi yatsa ya juya shafi.

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaida Kawu da jiki, da fatan ƙafar ta yi sauƙi."

Jama'a, hunturu ake yi, iska na kaɗa ƙura, amma gumi ya karyo min tun daga ƙeya. Na gane ta. Wani dare ne da labarin ya cije, na juya shafi na gaba na littafin na fara gwada wasiƙar da zan aika wa Kawuna na Gusau. Ban aika ba, ban yage ba, na manta da ita. Yaron nan kuwa abin da ya gani shi yake bugawa.

Hajiya ta ce a hankali, "Saurayin Kawu yake ce mata?" Shugaba ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙila taubasai ne, a bari a ji." Dakta ya gyaɗa kai irin na masana, ya ce wannan shi ake kira salo.

Malam ya ci gaba, da muryar nan tasa ta sanarwar ɗaurin aure. "Dalilin wannan takarda shi ne littafin nan nawa ya kusa kammala. Abin da ya rage kuɗin bugawa. Shi ne nake roƙon Kawu ya ranta min naira dubu 300 dubu 250 dubu 200 ko dubu 80 ma za ta isa a fara." Wato duk adadin da na rubuta na soke, yaron ya buga su a jere. Malam kuma ya ba kowanne haƙƙinsa, yana tsayawa tsakani kamar mai gwanjo yana sauko da farashi. A dubu 80 ɗin har ya sassauta murya don tausayi.

Na yi lissafi a zuci. In na ce "a dakata", Sakatare zai miƙo hannu. In ya miƙo hannu, zan zaro 350 a gaban mutanen da na gaya wa kuɗi ba matsala ba ne minti ashirin da suka wuce. Na gwada tari. Na yi tari har uku, na gaske, mai ƙarfi. Malam ya dakata ya ce "sannu", ya jira na gama, ya koma daidai inda ya tsaya. Mutumin nan bai taɓa ɓatar da layi ba a rayuwarsa.

"Kada Kawu ya ji tsoron kuɗinsa. A majalisar marubuta da muke zama ranar Asabar babu wanda ya kama ƙafata."

Benci ya yi ƙara. Kawuna takwas suka juyo lokaci guda. Ni kuwa na sami wani tururuwa a ƙasa yana jan ɓawon rake, na zuba masa ido kamar shi ne abin da na zo gani.

"Shugabanmu shekara goma sha ɗaya yana babi na ɗaya. Wanda muke ce wa Dakta ko difloma bai gama ba, mu muka laƙaba masa don ya bar mu mu huta. Akwai wata mai rubutu a waya, ita kam tana samun kuɗi, amma ba adabi ba ne."

Shiru, kamar malam ya ci shirwa. Na san layin da ke biye. Na san shi sarai, don lokacin da na rubuta shi har dariya na yi ni kaɗai cikin dare. Na ɗago na dubi Malam da idon roƙo, na girgiza kai, na haɗa hannu biyu a ƙirji. Ya ɗauka yabo nake yi, ya yi min murmushi ta saman gilashi, ya ƙara buɗe murya:

"Shi kuwa dattijon da ke karanta mana, murya ce kawai Allah Ya ba shi, amma in ka tambaye shi abin da ya karanta bai sani ba."

Ya karanta ta tsaf. Ya ja "kawai" ɗin, ya sauke "bai sani ba" a hankali yadda ake rufe labaran ƙarfe bakwai. Bai ko ɗaga gira ba. Ya wuce zuwa "a gaida Inna da yara, naka mai biyayya", ya karanta cikakken sunana har da na mahaifina, ya tattara takardu ya daidaita gefensu a gwiwa, ya ce, "Madalla. Sharhi."

Wanda ya fara fashewa ba ɗan majalisa ba ne. Mai raken nan ne.

Ku bar ni in yi magana a kan mutumin nan, don abin ya daɗe yana cina. Ba memba ba ne. Bai taɓa biyan naira 200 ta wata ba. Baronsa kawai yake turowa ya kafa a inuwarmu saboda ya lura marubuta na son abin tauna. Amma duk Asabar yana da ra'ayi. Shi ne ya ce wa Sakatare waƙarsa ta yi kama da wa'azin da ba a shirya ba. Shi ne lokacin da aka karanta gajeren labarina na bara ya yi hamma har da salati. Ranar nan ya ajiye wuƙa, ya dafa baro, ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin ɓawo, yana cewa, "Aradu wanga wuri ya yi daɗi! Malam, a maimaita wurin kuɗɗin!" Da ya samu numfashi sai ya juyo gare ni, da gaske fa, ba da wasa ba: "To, nawa Kawu yab ba da?" Ni kuma doka ta ɗaure min baki. Ya ce, "Ni ban yi boko ba, amma wanga na gane shi tun daga hwarko har ƙarshe. Wancan na yarinya da kuka ban gane mi taka so ba." Mutumin da tun watan azumi yake riƙe min canjin naira 100, kullum sai ya ce ba shi da ƙananan kuɗi, alhali ina jin su suna ƙara a gwangwanin da ke ƙarƙashin buhu. Kuma rakensa rabi duk gaɓa ne. Na sha faɗa muku a koma wurin na bakin titi, ba ku ji.

Sharhin kuwa an yi shi, don Shugaba ya ce doka doka ce. Shi ya fara, fuska a ɗaure: "Gyara ɗaya gare ni. Shekara goma ce, ba sha ɗaya ba." Dakta ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, ya ce a layi na shida an rubuta "kafar" babu lanƙwasa, sannan ya cire gilashi ya ce difloma ya gama ta, sakamako ne aka riƙe. Hajiya ta ce ita tsakani da Allah a duk abin da aka karanta wasiƙar nan ce kaɗai za ta iya sa kuɗinta ta saya, in na yarda ta saka a zaurenta mu raba, tunda dai an ce ita ba adabi take yi ba. Sakatare bai ce komai ba, sai daga baya a hanya yake tambayata me ya sa shi ban ambace shi ba, ko bai kai ba ne. Har yanzu yana fushi, shi da ban zaga ba.

Malam ne ya rufe. Ya ce labari ya yi ma'ana, harshe ya zauna, shawararsa kawai in ƙara wa Kawun nan rawa a babi na huɗu, don mai karatu zai so ya san ko ƙafar ta warke. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ci gaba, ɗana, akwai haske." Ban san ko ya gane ya yafe ba ne, ko kuwa abin da na rubuta ne ya tabbata. Kwana biyar ke nan ina juya wannan, kuma ba mai iya tambayarsa.

Na taka da ƙafa har Mabera don ban iya tsayawa cinikin kabu-kabu a gabansu ba. Ranar Litinin na je wurin yaron mai buga takardu da niyyar faɗa, kafin in buɗe baki ya ce dama yana nemana, shafi biyu na ƙarshe bai sa su a lissafi ba, akwai cikon naira 400. Na ce zan dawo.

Asabar mai zuwa ina da biki a Bodinga, kar a jira ni. Kuma wanda ya ɗauki jan birona a kan benci ya ba Sakatare ya ajiye min, shuɗin yana wurina.