Kujerar minti 11 a kumbo ba za ta riƙe cibiyar Toro ba

Tun watan Yunin 2024 da hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ta sa hannu a yarjejeniya da SERA, wani kamfani mai zaman kansa na Amurka, kan tura ɗan Najeriya sama a kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin, da zarar an ɗauko zancen kimiyyar sama a ƙasar nan, nan hira take tsayawa: wa zai je, yaushe zai tashi. Tafiyar kuwa kusan minti 11 ce daga tashi har sauka. Kumbon ya ɗan haura kilomita 100, fasinja ya yi 'yan mintuna yana shawagi, lema ta buɗe, ya sauko a hamadar Texas. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne muna ta wannan ɗoki alhali a Toro, nan jihar Bauchi, hukumar tana da cibiyar auna siffar duniya da motsin ƙasa, kuma da wuya ka ji wani ya tambayi waɗanda za su riƙe ta nan da shekara goma.

Allah ya yi wa Toro baiwa biyu da kuɗi ba sa saye. Ta farko dutse. Yankin yana zaune kan tsohon dutsen da ke ƙarƙashin tsaunukan Jos da Bauchi, na'urar da aka dasa a kansa ba ta nutsewa ko karkacewa yadda take yi a laka ko yashi. Ta biyu tana sama. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya ba nisa da nan, kuma a kewayen wannan layi ne saman iska mai ɗauke da lantarki ya fi hargitsewa bayan magariba, musamman wajen Maris da Afrilu, da kuma Satumba da Oktoba. Saƙon GPS da ya ratso wurin sai ya yi ta rawa, wani lokaci ya yanke. Masana a Turai da Japan suna neman bayanan wannan yanki ido rufe, domin a ƙasashensu ba za su iya auna shi ba.

To amma dutse ba ya karanta na'ura. Ɗauki tashar GPS ta bincike, wadda ba irin ta wayar hannu ba ce. Eriya ce a kan ginshiƙin da aka kafe cikin dutse, tana ɗaukar bayani duk daƙiƙa 30, dare da rana. Nahiyar Afirka tana gusawa arewa maso gabas da kimanin santimita biyu a shekara, kuma kafin a amince da lissafin gudun tasha ɗaya ana buƙatar aƙalla shekara biyu da rabi na bayanai a jere. Batir ya mutu a watan Agusta don hadari ya rufe rana kwana huɗu, an samu giɓi. Ƙurar hunturu ta lulluɓe faifan sola ba wanda ya goge, giɓi. Tsawa ta bi waya ta ƙone na'urar karɓa saboda ƙarfen da ke kai wuta ƙasa ya yi tsatsa, nan kuma sai a yi watanni ana jiran kaya daga waje. Ko canjin eriya aka yi ba a rubuta rana da lambar sabuwar ba, lissafi zai nuna ƙasa ta yi tsalle da 'yan milimita alhali ba ta motsa ba.

Haka na'urar jin girgizar ƙasa. Igiyar girgiza iri biyu ce ke isowa, mai sauri da mai bin baya, kuma kowace daƙiƙa ɗaya a tsakaninsu tana nufin nisan kusan kilomita takwas. Sai an haɗa tasha uku, agogonsu ya zo ɗaya, kafin a ce ga inda abin ya faru. Da ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018, amsar da jama'a ke jira tana hannun mutumin da ya iya zama ya bambance girgiza ta gaske da fasa dutsen 'yan kwari. Irin wannan mutum ba a samunsa da takardar ɗan majalisa.

Lissafin tarbiyyarsa a fili yake. Shekara huɗu ko biyar na digirin farko a fiziks ko safiyo ko injiniyan lantarki, biyu na digiri na biyu, uku zuwa huɗu na digirin digirgir, sannan wasu shekaru a ƙarƙashin wanda ya riga shi. Yaron da ya shiga jami'ar ATBU ta Bauchi ko ta Kashere bana, sai bayan shekara goma sha biyu zai iya riƙe sashe da kansa. A ɗaya gefen, dokar aikin gwamnati tana sallamar ma'aikaci a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki. Hukumar NASRDA da aka kafa a 1999, rukunin ma'aikatanta na farko ya doshi ƙofar fita. Na tsakiya kuma, wanda ya iya rubuta manhaja da sarrafa bayanai, banki ko kamfanin waya ko jami'ar waje za su ninka masa albashi, ga shi da iyali, ga kuɗin makarantar yara. Wa zai ga laifinsa?

Wanda aka fi mantawa da shi ma shi ne mai aikin hannu. Mai iya liƙe waya, mai gane ciwon inbata daga ƙararta, mai hawa mota ya je tasha a daji ya canza batir ya dawo da bayanai. Tsarin matakan albashinmu yana danne mai difloma komai ƙwarewarsa, don haka kowa ke gudun ɗakin gyara ya koma tebur. Cibiya mai daktoci biyar ba mai gyara ko ɗaya, rabin na'urorinta a kashe za ka same su.

Masu cewa kujerar kumbo za ta zaburar da matasa, sai su faɗa mana inda matashin zai nufa bayan ya zabura. Masu cewa ƙasar da ke fama da yunwa ba ruwanta da sama, su tambayi mai safiyon da ke auna iyakar gona ko injiniyan madatsar Dadin Kowa da me yake aiki in ba GPS ba.

Afirka ta Kudu ba ta fara da kafa farantan sauraron taurari ba. Tun 2005 ta buɗe shirin tallafin karatu don ilimin taurari na rediyo, ta ɗauki nauyin ɗalibai da masu koyon sana'a sama da dubu, kafin ta ƙaddamar da na'urar sauraron taurari ta MeerKAT mai faranti 64 a 2018. Ghana ta mai da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse na'urar sauraron taurari a 2017, kuma an horar da 'yan ƙasar a kan aikin. Mu ma mun taɓa yi: injiniyoyinmu ne suka haɗa tauraron ɗan'adam NigeriaSat-X a Surrey ta Ingila, aka harba shi a 2011. Abin kunya ne a ce ƙasar da ta yi wannan ta koma tana murnar tikitin fasinja.

Abin da ake buƙata ba ya kai kuɗin tauraron ɗan'adam ɗaya. A ware guraben digiri na biyu da na uku kowace shekara tsakanin Toro da jami'o'in Bauchi da Gombe, da sharaɗin dawowa aiki. A buɗe wa masu aikin hannu matakin albashi nasu. A ɗauki ma'aikacin kimiyya da jarrabawar da masu fannin suka tsara. 'Yan majalisarmu na Bauchi da Gombe kuma, ranar kare kasafin kuɗi, su nemi a ba su lambobi huɗu a rubuce: masu bincike nawa ne a Toro, masu gyara nawa, nawa ne ba su kai shekara 35 da haihuwa ba, kuma kwana nawa tashoshin suka yi a kashe bara.