Adadin da na'ura ta fitar ba shi kaɗai ne hujja ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar na'urar ɗakin gwaji ta nuna adadin man fetur a cikin ruwa, magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Sinadarin benzin da ke cikin man fetur yana saurin bin iska, don haka kwalbar samfurin ruwa da ba a cika ta har baki ba, ko ba a sanyaya ta zuwa kusan digiri 4 a ma'aunin Celsius ba, tana iya sa gurɓataccen ruwa ya fito kamar mai tsabta, wanda a ganina shi ne kuskure mafi haɗari. Shi ya sa ƙwararru suke gwada tsabtataccen ruwa tare da samfurin domin gano dattin kayan aikinsu, sannan su zuba sanannen adadin sinadarin a wani kaso su ga ko na'urar za ta auno shi daidai.