Yadda na yi wa dangi arahar mota zuwa Azare

Da aka sa ranar ɗaurin auren ɗan yayata a Azare, dangin da ke Kano suka haɗa kuɗin mota suka damƙa mini, saboda an shaide ni da iya ciniki. Mu shida ne za mu tafi, har da Kawu, wanda shi ne wakilin ango, wato idan babu shi a wurin babu mai karɓar aure.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ta kuma haura 1,000 a 2024, ɗaukar shatar mota ta zama abin da sai an zauna an yi shawara. Direban da na fara samu ya ce zai kai mu, ya jira mu, ya dawo da mu, mai nasa ne, gyara nasa ne, idan kuma ta lalace a hanya shi zai nemo mana wata. Sai dai kuɗin da ya yanka ya cinye abin da aka haɗa kaf, don haka na ce masa Allah ya kawo kasuwa. Wani ɗan kamasho ya ja ni gefe ya kai ni wurin wani Alhaji da ke ba da hayar mota ta yini guda, babu direba babu mai, a kan rabin wancan kuɗi. Na lissafa cewa tafiyar kimanin kilomita 200 ce, na iya tuƙi, kuma ko an sayi mai sai an sami rarar da za a saya wa amarya wani abu.

Motar tsohuwar Sharon ce mai kujera bakwai, an wanke ta tas. Alhaji ya gindaya sharaɗi biyu, cewa in dawo da ita kafin ƙarfe 10 na dare, kuma in dawo da mai daidai inda na sami allura. Na leƙa na ga allurar a kan rabi, na ji daɗi a raina cewa har da rabin tanki aka ba ni aro.

Mun tashi da hantsin Juma'a, ga ɗaurin aure sai bayan an sauko daga masallaci, saboda haka babu gaggawa. Muna wuce Hotoro muka shiga Mariri sai motar ta yi tari ta mutu, alhali allura tana nan a kan rabi. Na kira Alhaji na gaya masa, sai ya ce, “Ai Malam, wannan allurar ta daɗe da yin ritaya. Na zaci ka zuba mai.” Haka muka fito da manyan riguna muka tura ta zuwa bakin titi, muka sayi galan a hannun 'yan bumburutu a kan farashin da suka ga dama, domin sun riga sun gan mu muna turi.

A Wudil muka tarar da abin da duk direban haya ya sani ni kuwa ban sa a lissafi ba, wato ranar Juma'a kasuwar garin take ci. Tireloli suna lodin shanu zuwa Kudu, hanya ta cushe tun kafin gada, muna tafiya taku ɗaya muna tsayawa har lagireto ya tafasa. Yaran da ke tallan ruwan leda suna hango tururi suka kewaye mu, kuma nan take ruwa ya yi tsada. Ina tsaye ina fasa leda da haƙori ina ɗura wa mota sai wani bawan Allah ya tambaya ko za mu bi ta Jama'are. Na dubi kujerar da babu kowa a kanta, na tuna asarar da aka yi a Mariri, na ce masa bismilla. Sai bayan da muka yi ciniki na karɓi kuɗi ya ce bari ya ɗauko kayansa, ya dawo janye da rago.

Aka ɗaure ragon a baya kusa da kwalin dabino da alewar ɗaurin aure. Kawu ya juyo a hankali ya dube shi, sannan ya dube ni ya ce, “Ɗana, shi ma an aika masa da goron gayyata ne?” Na ce, “Kawu, ai shi zai biya mana kuɗin ruwa.” Bai ƙara cewa komai ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Kafin mu kai Kwanar Huguma ragon ya huda kwali ya yi wa dabino ɓarna, da ya ƙoshi kuma ya koma kan bayan kujera, yana yago soso yana taunawa idonsa a lumshe, mai shi kuwa yana ta ba mu labarin yadda ya taya shi da araha.

Gab da Kiyawa tayar baya ta yi faci. A nan na yi murmushi, domin tun a Kano na duba na ga akwai safaya, kuma har na yaba wa kaina a kan haka. Da aka ciro ta aka kara sai aka ga hujinta huɗu ne, ƙafar motar kuwa ƙusa biyar gare ta. Jak ma sai da muka tsayar da wani mai a-kori-kura ya ara mana. Na rungumi taya na hau acaɓa zuwa wurin mai faci, na tarar ya rufe ya tafi masallaci, na zauna a kan bencinsa ina jin huɗuba daga nesa.

Lokacin da na dawo wayar Kawu ta riga ta yi zafi. Liman ya zauna, waliyyin amarya ya zauna, an ajiye sadaki, ana ta cigiyar wakilin ango. Dole Kawu ya wakilta ƙanensa ta waya, aka bar layin a buɗe, muka yi da'ira a bakin titi muna saurare. Da muka ji an ce a shafa fatiha muka shafa da hannuwanmu da suka yi baƙi ƙirin da man juye, kowa ya bar shatin yatsu a fuskarsa, har da mai rago, wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.

Mun shiga Azare bayan la'asar, jama'a sun watse, abincin da aka ajiye mana kuwa sauran ƙanzo ne da miyar da aka tsinke da ruwa. Da magariba ta yi na kunna fitila sai na ga ido ɗaya ne ke kawowa, Kawu ya rantse ba zai sake sa ƙafarsa a cikinta ba ko da rana tsaka. Muka kwana, da safe na biya masa kuɗin motar haya daga aljihuna, ni kuwa saboda tsoron abin da ya faru a Mariri na cika tanki har baki kafin mu kamo hanya.

Alhaji ya zagaya motarsa yana duddubawa, ya lissafa hayar yini na biyu, da kuɗin ɗinkin kujera, da kuɗin wankin da zai fitar da warin rago, na biya ban yi gardama ba. Amma na nuna masa cewa man da ya rage a tankin nan ya fi rabi nesa, alhali a bushe na ɗauke ta, don haka adalci shi ne a rage mini wani abu. Ya sa tabaransa, ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallon allura, sannan ya ɗago ya ce, “Malam, a rabi ka ɗauka, a rabi ka kawo. Allah ya yi maka albarka, kai mutum ne mai cika alkawari.”