Johanna Westerdijk, farfesar da ta raini funfuna da ɗalibai

A ranar 10 ga Fabrairun 1917 Johanna Westerdijk ta gabatar da laccar kama aiki a Jami'ar Utrecht, ta zama mace ta farko da ta hau kujerar farfesa a ƙasar Holan. Shekarunta 34 a lokacin, kuma sai bayan shekara biyu, a 1919, matan ƙasar suka samu 'yancin jefa ƙuri'a. Ga mace tana koyar da manyan ɗalibai cututtukan tsirrai, amma doka ba ta yarda ta zaɓi ɗan majalisa ba. Yawancin masu ba da labarinta a nan suke tsayawa, su yi tafi su wuce. Ni kuwa a ganina an rage mata daraja idan aka tsaya a nan, domin zama ta farko rabo ne da zamani ya kawo, da ba ita ba ce da wata ce. Abin da ta yi da kujerar bayan ta hau shi ne nata na kanta, kuma shi ya kamata a auna ta da shi.

An haife ta a 1883 kusa da Amsterdam, mahaifinta likita ne, gidansu gidan rufin asiri da karatu. Ta yi nazarin halittu a Amsterdam, ta wuce Munich a Jamus, ta kammala digirin digirgir a Zurich a 1906 da bincike kan gansakuka. A wannan shekarar, tana da shekara 23, aka damƙa mata ragamar wani ƙaramin ɗakin binciken cututtukan tsirrai mai suna Willie Commelin Scholten. Shekara guda bayan haka aka haɗa mata da wani nauyin: tarin funfuna masu rai, iri kusan 80, da masana tsirrai suka fara ajiyewa domin duk mai bincike ya samu inda zai nema.

Sai mutum ya san yadda ake wannan aiki kafin ya gane girmansa. Funfuna abu ne mai rai, yana cin abinci, yana tsufa, yana mutuwa. A wancan zamani babu dabarar daskarar da shi a ajiye shekaru kamar yadda ake yi yau. Kowane iri yana zaune a cikin siririyar kwalba da aka toshe bakinta da auduga, a kan abincin da aka dafa masa. Idan abincin ya kusa ƙarewa sai a ƙona bakin allura a wuta, a bari ta huce, a ɗebo ɗan mitsitsi daga tsohuwar kwalba a dasa a sabuwa, a rubuta suna da lamba. Hannu ya ɗan yi rawa, ko iska ta shigo da wani irin, shi ke nan, an yi asarar abin da wani ya ɗauko daga wata nahiya. Kuma ba kowane iri ke cin abin da ɗan'uwansa ke ci ba: wani sai garin hatsi, wani ruwan 'ya'yan itace, wani guntun reshe. Kamar mai kiwo ce da ta san halin kowace dabba a garkenta. Haka ita da ma'aikatanta suka yi ta yi, shekara da shekaru, har tarin ya haura iri 10,000, ya zama wurin da masu bincike daga ko'ina suke aiko wa wasiƙa suna roƙon a turo musu kwalba.

Masu sukarta suna da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Sukan ce ba ta gano wani babban abu da ke ɗauke da sunanta ba, ajiya kawai ta yi da shugabanci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma a duba abin da ya fito daga ajiyar. Lokacin da sojojin Jamus suka mamaye Holan a Yaƙin Duniya na Biyu, masana a wata masana'antar yis, wato abin da ke kumbura burodi, da ke garin Delft sun shiga haɗa maganin penisilin a ɓoye, suka laƙaba masa suna Bacinol don kada a gane. Irin funfunar da suka yi aiki da shi daga wannan tarin ya fito. Da an bar kwalaben sun bushe a shekarun da babu wanda ya san amfaninsu, da masu Delft ba su samu abin farawa ba. Mai ajiya ba ya sanin ranar da ajiyarsa za ta yi rana, shi ya sa aikin ke bukatar irin haƙurin da ba a ba shi lambar yabo.

A 1920 ta kwashe ɗakin binciken zuwa garin Baarn, cikin wani babban gida mai lambu da ake kira Villa Java. A nan ne ɓangare na biyu na aikinta ya bunƙasa, wato renon mutane. Ɗalibai sama da 50 suka yi digirin digirgir a ƙarƙashinta, kusan rabinsu mata, a zamanin da mace a ɗakin gwaje-gwaje abin kallo ce. A saman ƙofa ta sa aka sassaƙa take mai cewa aiki da shagali su ke gina lafiyayyen tunani, kuma ta riƙe shi da gaske: idan ɗalibi ya kammala sai a yi walima, a yi kiɗa da wasan kwaikwayo.

Labarin cutar bishiyar elm ya isa misali. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya waɗannan dogayen bishiyoyi da suka yi wa titunan Holan da bakin magudanan ruwanta layi suka fara bushewa, ganye ya yi rawaya da tsakiyar bazara, bishiya ta mutu a tsaye. Kowa da abin da yake zargi, wasu fari, wasu ƙwayar bakteriya, wasu ma iskar gubar da aka harba a yaƙi. Westerdijk ta ɗora wa wata ɗalibarta, Bea Schwarz, binciken. A kundinta na 1922 Schwarz ta nuna cewa wani funfuna ne ke haddasa cutar. Manyan masana suka ƙi yarda. Malamar ba ta janye ba, ta nemo kuɗi, ta sa wata ɗalibar, Christine Buisman, ta sake bin sawun aikin daga 1927, har ta tabbatar da cewa Schwarz ce ke da gaskiya. Daga nan Buisman ta shiga neman irin elm mai jure cutar, aikin da take kai har ta rasu a 1936 tana da shekara 36. Sunayen ɗaliban biyu ne a kan binciken, har aka raɗa wa wasu nau'o'in elm sunayensu. Duk wanda ya san yadda wasu manya a jami'o'i ke cusa sunansu a gaban aikin yaransu zai san wannan ba ƙaramin hali ba ne.

Sai dai ƙofar da ta buɗe tana da iyaka, kuma wannan ɓangaren yana min ciwo. Schwarz ta tafi tsibirin Java, a Indonesiya ta yau, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Holan, ta yi aiki kan cutar da ke sa gyaɗa yaushi ta mutu. Irin gyaɗa mai jure cutar da ake kira Schwarz 21 daga aikinta ya samo suna. Da ta yi aure a 1926 sai ta bar bincike, ba ta dawo ba sai bayan yaƙi, mijinta ya rasu, ita kuma ta sha zaman sansanin tsare mutane na Japan. A Holan ɗin kanta, tun daga 1924 doka ta tanadi a sallami ma'aikaciyar gwamnati idan ta yi aure, ba a soke wannan ba sai a shekarun 1950. Westerdijk ba ta yi aure ba har ta rasu a 1961. Ba zan ce ga dalilinta ba, amma tsarin da ke tilasta wa mace mai basira ta zaɓa tsakanin gida da ɗakin bincike ya jawo wa Holan asarar shekarun aiki masu yawa daga matan da ita wannan farfesa ta horar da hannunta.

A 2017, da aka cika shekara 100 da laccarta, an sauya wa cibiyar funfunar suna zuwa Cibiyar Westerdijk. Yanzu tana Utrecht, tana riƙe da iri sama da 100,000. A shekarar ce kuma ministar ilimi, Jet Bussemaker, ta ware Yuro miliyan 5 don a naɗa ƙarin mata farfesoshi 100, saboda a lokacin, bayan ƙarni guda cur, kusan ɗaya cikin biyar na farfesoshin ƙasar ne kawai mata. Matakin ya yi kyau, ina goyon bayansa. Amma kujera kaɗai ba ita ta yi Westerdijk ba. Tun tana da shekara 23 aka ba ta ɗakin bincike nata, da ikon zaɓar abin da za a bincika da wanda zai bincika, aka kuma bar ta a kai har 1952. Jami'ar da ke son ta ga irinta sai ta duba mata nawa ne a cikinta ke riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwaje da kasafin kuɗinsa, kuma ko tana lissafa kula da ajiya da horar da ɗalibai a matsayin aiki idan an zo ƙarin girma.