Sati bakwai a hannun mai gyara, ashe wayar makunni ce ta tsinke

Har yanzu in na tuna raina sai ya ɓaci. Amfilifayar jitata, wato na'urar ƙara mata sauti, Fender Deluxe Reverb ce mai farar fuska, ƙirar farkon shekarun 1970, wat 22. Ta kawuna ce, da ita ya yi kiɗa a otal-otal na Sabon Gari tun ban san hannun damata ba. Ba don ƙarfinta nake sonta ba, don tiremolo ɗinta ne, wannan karkarwar da ke sa sauti ya riƙa tashi yana sauka kamar numfashi. A jikinta Vibrato aka rubuta, amma kowa ya san kamfanin ne ya yi wa abin gurgun suna.

Ranar wani biki na taka makunnin ƙafa, shiru. Jita na fita garau, karkarwa babu. Na murɗa Speed na saurin karkarwar, na murɗa Intensity na ƙarfinta, ko gezau. Washegari na kai ta wurin wani mai gyara da aka yi ta kururuta mini shi. Ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Oga, ai-si ne ya ƙone. Kawo dubu ashirin, jibi ka dawo."

Ai-si, ɗan guntun nan na kayan lantarkin zamani! A na'urar da babu ko taransisto ɗaya a cikinta, kwalabe ne zalla, waɗanda tsofaffin masu gyaran rediyo ke ce wa bawul. Tun a nan ya kamata in sungumi kayata in fita. Kunya ta hana ni, ga shi na ɗanɗana kuɗata.

Jibin nan sai da ta zama sati bakwai. Yau an ɗauke wuta, gobe yaronsa ya tafi Legas sayo kaya, gata an yi masa rasuwa a ƙauye. Na ja masa kunne tun ranar farko cewa ƙirar Amurka ce, wutar bolt 120 take ci, kada ya kuskura ya jona ta da tamu mai 230 ba tare da taransifomar rage wuta ba, har na bar masa tawa. Da na karɓo, me zan gani? An cire fis an naɗa siririyar waya a gurbinsa. Fis ba ya mutuwa haka kawai, kuma wanda ya naɗa masa waya ya shirya ƙona taransifomar da ko a kasuwar Alaba sai an yi da gaske kafin a samu irinta. Kwalabena biyu na 6V6 ƙirar RCA, waɗanda suka girme shi, sun yi ɓatan dabo, an sa wasu da tambarinsu ya goge. Tiremolo kuwa tana nan a mace. Wai "Oga, wannan ɓangaren ya riga ya mutu, sai haƙuri."

Wani dattijo ne ya fitar da ni, wanda ya yi zamanin rediyo mai kwalba, yanzu idonsa ma sai da tabarau biyu. Tambayarsa ta farko ita ce, "Yaro, ina makunnin ƙafarta?" Na ce yana gida, Baba, wancan bai ce in kawo ba. Ya girgiza kai. Ashe irin wannan amfilifaya tiremolo ɗinta ba ta tashi sam sai an haɗa ramin makunnin da ke bayanta da ƙasa. Mai gyaran farko sati bakwai yana neman karkarwa a na'urar da ba zai yiwu ta yi ba, ko da lafiyarta lau. Baba ya ɗauko tsohon filogi, ya haɗe bakinsa biyu da dalma, ya soka. Nan take sauti ya fara rawa. Wayar makunnina ce ta tsinke daga ciki, aikin minti biyar.

Sai dai ta dawo da wata sabuwar cuta, ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, tana bin saurin karkarwar. Da ba ta yi. Baba ya cire ta daga wuta, ya sauke cajin manyan kafasito, masu ajiye wuta, tukuna, don suna iya riƙe sama da bolt 400 ko an kashe, ya ce mutum ya taɓa su da garaje sai dai a yi masa salla. Ya nuna mini yadda abin yake. Kwalba ta biyar, 12AX7, da wasu ƙananan kafasito uku su ke haifar da bugun. Bugun ya kunna wani ɗan ƙwan niyon da aka naɗe cikin baƙar roba tare da wani abu mai jin haske, Turawa na kiransa kyankyaso saboda ƙafafunsa huɗu. Ƙwan ya yi ƙyafta, sauti ya sauka. Wayoyin wannan ƙwan in suka kusanci na sauti, ƙarar ƙyaftawar sai ta tsallaka. Gwanin namu ya tattara su duka ya ɗaure da salatif wuri guda, wai yana gyara tsari! Baba ya raba su, ya ƙara kafasito ɗaya ɗan mitsitsi, ƙarar ta ɗauke. Ya maida fis na gaskiya. Da ƙyar ya karɓi kuɗin shayi.

Abin da ke ci mini rai ba rashin sanin ba ne. Mutumin da ya tashi cikin gyaran talabijin da waya, wa zai zarge shi don bai san kwalba ba? Ya buɗe baki ya ce "ban san wannan ba" mana. A'a, sai ya karɓi kuɗi, ya mai da kayan gado abin koyon aski.

Na koma neman kwalabena da dubu ashirin ɗina. Yana danna waya, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Oga, kwalba ai kwalba ce." Ranar Asabar zan sake komawa, wannan karon da shugaban 'yan layinsu.