Ba ƙarin bes ne ke gyara sauti ba

Ina so in ja hankalin 'yan'uwa masu haɗa sauti a situdiyo, da masu kula da lasifika a wuraren wa'azi da bukukuwa, kan wata al'ada da ta zama ruwan dare. Da zarar mutum ya zauna gaban miksa, na'urar haɗa sauti, sai ya murɗa bes, wato sauti mai kauri, har ƙarshe, ya ƙara tirebul, wato siririn sauti, ya bar murya tana nutsewa a tsakaninsu. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa ake jin ƙara har ƙirji yana rawa, amma ba a gane abin da mai magana yake faɗa.

Sauti girgizar iska ne, kuma ana auna yawan girgizar a sakan ɗaya da ma'aunin Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga kusan 20 zuwa 20,000, aikin ikwalaiza, na'urar daidaita sauti, kuwa shi ne ta ɗaga ko ta rage wani yanki a cikin wannan tazara. Kaurin muryar namiji yana tsakanin 85 da 180, na mace kuma tsakanin 165 da 255, amma abin da ke sa a tantance kalma daga kalma yana can sama, wajen 2,000 zuwa 4,000. Shi ya sa tsohon layin tarho, da yake ɗaukar 300 zuwa 3,400 kawai, ya ishi mutane su fahimci juna sarai.

Saboda haka ragewa ya kamata a fara da ita. A makirufon magana, abin da ke ƙasa da 80 galibi kugin janareto ne, da bugun hannu, da gurnanin wutar lantarki da ke zaune a kan 50, don haka a yanke shi. Inda aikin ya fi wuya shi ne tsakanin 200 da 400, domin a nan ganga da fiyano da murya suke cunkushewa, har waƙa ta fito kamar an rera ta a cikin tulu. Idan aka rage desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 2 ko 3 daga fiyano a wannan yanki, muryar mawaƙi za ta fito da kanta ba tare da an taɓa ta ba. Mai ɗaga tirebul kuwa ya sani cewa sautukan s da sh da ts ne za su riƙa sukar kunnen jama'a, wajen 5,000 zuwa 8,000.

Abin da ya fi damuna shi ne mantawa da mai saurare. Mafi yawan mutanenmu a waya ko ƙaramar rediyo suke jin waƙa da karatu, kuma waɗannan ba sa iya fitar da bes mai zurfi, sai dai su yi ta ɓarɓarniya idan an cika musu shi. Kafin a sallami aiki, a tura shi cikin waya, a rage ƙara, a ba wanda bai san baitocin ba ya saurara ya maimaita abin da ya ji.