Kimiyya ma imani ce? Amsa ga ɗan ƙanena da ke Samaru

Ɗan ƙanena yana aji biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, yana karanta ilimin halittu. Ranar Juma'ar nan ya baro Samaru ya shigo cikin gari gaisuwa, muka zauna a zaure bayan an sauko daga masallaci. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce, "Baffa, ni fa na kamo bakin zaren. Ashe masu kimiyyar nan su ma imani suke yi. Sun ce sama da ƙasa sun faro ne da wata babbar fashewa, shekara biliyan 13.8 da suka wuce. To wa yake wurin? Mu mun gaskata abin da ba mu gani ba, su ma sun gaskata abin da ba su gani ba. Ka ga an yi kunnen doki."

Na ga alamar maganar ta sanyaya masa zuciya, kuma ban ga laifinsa ba. Yaron da ya sauke Alƙur'ani tun kafin ya gama sakandare, aka zo aka ɗora masa a aji darasin Darwin, masanin da ya ce halittu suna sauyawa daga wani nau'i zuwa wani, dole ya nemi inda zai dafa. Ba kuma shi ya fara faɗinta ba. Na ji ta a teburin mai shayi a Tudun Wada, na gan ta a Facebook, na ji ta a bakin masu wa'azi, na masallaci da na coci. Sai dai a wurina maganar ba ta da ƙafar tsayawa, kuma in aka bi ta a hankali, addinin da ake son karewa da ita shi take fara ji wa ciwo.

Wannan tambaya ta "wa yake wurin?" ita ce ta fi ba ni mamaki daga bakin ɗan gidan malamai. A zauren da aka koya mana tauhidi muna yara, da wane dalili aka fara nuna mana samuwar Ubangiji? Da maganar Balaraben ƙauyen nan da ya ce kashin raƙumi yana nuna raƙumi ya wuce, sawu yana nuna an yi tafiya, to ina ga sama mai taurari da ƙasa mai hanyoyi? Wato gane abin da ya faru daga alamar da ya bari. Makiyayin da aka kore wa shanu da dare yana barci sa'ad da aka kore su, amma da safe zai duba sawu ya gaya maka inda suka nufa, har ya raba maka sawun jiya da na shekaranjiya. Alƙali bai taɓa ganin laifin da yake yanke wa hukunci da idonsa ba. In muka ce duk abin da ido bai gani ba sai dai a ɗauke shi a rufe, mun daɓa wa cikinmu wuƙa. Alƙur'ani ma umarni ya yi, a Suratul Ankabut aya ta 20, a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah ya fara halitta. Ai ba a aika mutum ya je ya duba abin da bai bar alama ba.

Malaman nan na zaure sun riga sun yi wani rabo da ya warware rigimar tun kafin a haife ta. Suka ce hukunci iri uku ne. Akwai na shari'a, wanda ake karɓa daga wahayi. Akwai na hankali, kamar a ce ɗaya rabin biyu ne. Akwai kuma na al'ada, wanda ake ganewa ta hanyar maimaituwa: wuta tana ƙonawa, abinci yana ƙosarwa, wuƙa tana yankawa. Suka ƙara da cewa na al'ada yana iya saɓawa, shi ya sa wuta ba ta ƙona Annabi Ibrahim ba. To kimiyya, daga awon jini a asibitin Shika har zuwa ƙidayar shekarun taurari, a ɗaki na ukun nan take kwana. Abin da take bayarwa zato ne mai rinjaye, wani lokaci ya yi rinjaye har ya kusa kai wa yaƙini, amma ƙofar gyara ba ta rufuwa. Imani kuwa sallamawa ce ga labarin gaibu saboda ka gaskata wanda ya zo da shi, ka ƙulla zuciyarka a kai, ka rayu a kai, ka roƙi Allah ya sa ka cika a kai. Ba muminin da yake cewa, "Na yi imani da Ranar Lahira kafin sabon bincike ya fito." Masanin kimiyya kuwa dole ya faɗi irin wannan a kan duk abin da ya riƙe. Ranar da ya daina faɗa, ya bar sana'arsa ya kama wata.

Labarin ita kanta Babbar Fashewar ya isa misali. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo ra'ayin cewa sararin samaniya buɗewa yake ta yi, kuma in aka bi shi baya za a tarar da mafari, wani limamin Katolika ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, tsakanin 1927 da 1931. Masana da dama suka ƙi yarda, wasunsu ma don kalmar "mafari" ta yi musu kama da zancen masu addini. Fred Hoyle na Ingila, wanda ya tsaya kai da fata cewa sararin samaniya ba shi da farko, shi ne ma ya raɗa wa ra'ayin wannan suna a wani shirin rediyon BBC a 1949. To me ya raba gardamar? A 1948 wasu masana sun yi lissafi suka ce in har da gaske an faro daga wani yanayi mai tsananin zafi, dole ragowar ɗuminsa ta kasance cike da sama ko'ina har yau. Wannan kasada ce, don in aka nema aka rasa, ra'ayin ya shiga uku. A 1965 wasu mutum biyu a Amurka, Penzias da Wilson, suka bayyana cewa sun yi ta fama da wata ƙara da ta ƙi fita daga na'urarsu ta kamo saƙon rediyo. Har kashin tattabaru suka share daga jikinta suna zaton shi ne. Ashe ɗumin nan ne suka kamo. Daga nan akasarin masanan da suke musu suka sauka daga ra'ayinsu na da. Hoyle bai sauka ba har ya mutu, amma ayari bai jira shi ba.

Akwai wani ɗan ƙarin bayani da nake so 'yan'uwanmu masu manna aya a jikin kowane sabon bincike su ji. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa wannan bincike ya zama shaida ga halittar duniya. Lemaître, duk da limami ne, bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa su. Ya san ra'ayin masana yana iya juyawa gobe. Wanda ya ɗaure aya a jikin ra'ayi, ranar da ra'ayin ya faɗi, me zai gaya wa yaran da ya tara?

Haka batun shekarun nan masu tsawo da suke sa mutane dariya. Ba canki-canka ba ne. Wasu sinadarai suna rikiɗa su koma wani abu daban a kan ƙa'ida tsayayya, kamar tulu mai yoyo da aka san yadda yake ɗiga: ka duba abin da ya rage, ka san tun yaushe aka cika shi. Kabon-14 da ke jikin itace ko ƙashi rabinsa yana tafiya duk bayan shekara 5,730. Da shi aka auna kwalekwalen nan na Dufuna, wanda wani Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a jihar Yobe ta yanzu a 1987, aka auna fiye da sau ɗaya aka samu ya kai kimanin shekara 8,000. Duwatsu kuma da yuraniyom ake auna su, wanda rikiɗarsa ta fi jinkiri nesa ba kusa ba, da shi aka kai ga cewa duniyarmu ta yi kimanin shekara biliyan 4.5. Dutsen Kufena da muke hange kullum ya haura shekara miliyan 500. Kuma wannan ilimin ba a bayan teku kaɗai yake ba. A nan Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta jami'a, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya da take aiki tun 2004, 'ya'yanmu ne suke sarrafa ta, kuma da wannan ƙa'idar ta rikiɗar sinadarai suke aiki kullum.

Yanzu ga inda yaron yake da ƙamshin gaskiya. Ni ban taɓa auna kabon ba, shi ma haka, mai karanta wannan ma wataƙila haka. Karɓa muka yi daga waɗanda suka auna. Amma wannan yana da suna a wurinmu, sunansa taƙlidi, ko yarda da masu abu. Shi muke yi in likita ya ce jini ya hau, shi muke yi in an sanar da ganin wata alhali ba mu muka gani ba. Irin wannan yarda tana da sharaɗi, ana iya janye ta, kuma tana dogara ne da cewa akwai masu bin diddigi, kamar yadda malaman hadisi suke tankaɗe masu ruwaya. A 1912 aka fito da wani ƙoƙon kai a Piltdown ta Ingila aka ce na kakan mutum ne. Shekara 41 ana koyar da shi. A 1953 aka gano haɗi ne, kan mutum da muƙamuƙin biri. Su wa suka tona asirin? Masanan ne da kansu, da sabon awo. A wannan fagen wanda ya kama kuskuren malaminsa shi ake tafa wa.

Sauyawar halittu kuwa wani sashenta a gabanmu ya faru. Mu da muka manyanta mun san lokacin da kulorakwin yake kashe zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku, in ka jure ƙaiƙayinsa. Ƙwayar cutar ta sauya, masu jure maganin suka rayu suka hayayyafa, har Nijeriya ta canza magani a 2005. Sikila ma da ta yawaita a cikinmu, dalilin yawanta shi ne mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓi yana yaro. Wanda ya ce sai da imani ake karɓar wannan, ya je ɗakin yara a asibiti ya tambaya.

Game da Annabi Adamu, ni Musulmi ne, na karɓi abin da nassi ya faɗa, kuma na san ta ƙofar da na karɓa: ƙofar wahayi. Ba na da'awar a rami na tono shi. Amma ƙoƙon kan nan da aka tono a hamadar Chadi a 2001, wanda ake kira Tumai, aka ƙiyasta masa kimanin shekara miliyan 7, yana nan, ana iya gani ana iya aunawa, kuma masanan har yau suna jayayya a kan ko a tsaye mai shi yake tafiya. Yadda za a fahimci wannan a gefen nassi aiki ne babba, na malaman da suka san nassi suka kuma san ƙashi, kuma irinsu ba su da yawa a cikinmu. Cewa "ai su ma imani suke yi" gudun wannan aikin ne kawai.

Inda zan tsaya tare da ɗan ƙanena ba tare da ja ba shi ne wurin masu tsallake iyaka. Kimiyya har yau ba ta san yadda rai ya fara daga abin da ba shi da rai ba, hasashe ne iri-iri. Lissafinta yana tsayawa cak kafin ya kai ainihin lokacin farko. Ba ta kuma da ma'aunin da za ta auna dalilin da ya sa akwai wani abu tun asali. Duk masanin da ya fito daga ɗakin gwaji ya ce bincikensa ya nuna babu Mahalicci, aƙidarsa yake faɗa, ya yafa mata farar rigar aiki. Wannan kam a ce masa, malam, kai ma imaninka ne. Amma laifinsa ba ya shafar ma'aunin.

Masu shekaru za su tuna Laraba 29 ga Maris 2006, ranar da aka yi husufin rana. An sanar tun kafin ranar ta zo, har da sa'ar. Gusau da Katsina suka yi duhu da safiya, mu nan Zariya rana ta dusashe, mutane suka nufi masallatai sallar kusufi. Ban ji wanda ya ce lissafin ya hana shi salla ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a kan wannan batu na husufi ƙarara. Ya nuna cewa wanda ya ɗauki musanta irin wannan lissafi a matsayin taimakon addini ɓarna yake yi masa, don mutumin da ya san lissafin sarai, in aka ce masa ya saɓa wa shari'a, ba lissafin zai yi wa shakka ba.

Da na kai nan yaron ya yi shiru, can ya ce, "To Baffa, in an tambaye ni a jarrabawa me zan rubuta?" Na ce ya rubuta abin da awo ya nuna, da hujjarsa, da inda hujjar ta tsaya, kamar yadda aka koya masa. Ya ce maganar Annabi Adamu fa har yanzu ba ta kwanta masa ba. Na ce ni ma ban ce na gama da ita ba, in Allah ya kai mu Juma'a mai zuwa ya zo da littafinsa na aji, mu je wurin malaminmu a Unguwar Juma mu karanta masa ya ji.